Tallafin Gwamnati ga Yaro Mai Lalura: Ina Uwa Za Ta Dosa?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya yi ƙasa)

Gaisuwa ga mutanen Anka da Bagega da Wuya da Waramu, da na Bukkuyum da Zugu da Nasarawar Burkullu da Gwashi da Adabka, da na Gummi da Daki Takwas da Gayari da Birnin Tudu, har da waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu, suna saurarenmu daga gidan wani. Allah ya kawo mana sauƙi.

Shirin yau na gidan da ke da yaro mai lalura ne. Yaron da shekarun tafiya suka wuce bai taka ba, wanda ba ya ji ko ba ya gani ko ba ya magana, mai farfaɗiya, mai galahanga, da wanda shan inna ya taɓa. Iyayen waɗannan yara tambaya ɗaya suke yi: shin akwai abin da gwamnati ta tanadar mana, in kuwa akwai, ina za mu je? Wanda ke da biro da takarda ya ɗauko, don akwai abin rubutawa.

Zan fara da maganar da ba ta da daɗin ji, don kada kowa ya kashe kuɗin mota a banza. Gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta da wani albashin wata-wata da doka ta yanka wa uwa ko uba saboda jinyar yaro mai nakasa. A wasu ƙasashe akwai. A Afirka ta Kudu, in likitan gwamnati ya tabbatar yaro na da nakasa mai tsanani, kuma samun gidan bai taka kara ya karya ba, mai jinyarsa na karɓar fiye da rand 2,000 kowane wata har yaron ya cika shekara 18. A Ingila ma ana biyan yaron, ana kuma biyan mai kula da shi. Nan gida, Jihar Jigawa ta fara ba wasu masu nakasa da aka tantance naira 7,000 a wata a 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, amma wannan na Jigawa ne, ba ya ƙetaro iyakarta. Saboda haka duk wanda ya zo maka da fom ya ce na albashin nakasassu ne daga Abuja, kawo dubu biyu a sa sunan ɗanka, riƙe kuɗinka.

Abin da muke da shi tallafi ne a warwatse. Wani yana asibiti, wani yana rajistar marasa galihu, wani yana Hukumar Zakka, wani yana makaranta. Babu ɗaya da zai ɗauke nauyin gaba ɗaya, amma in gida ya haɗa biyu ko uku, ana samun sa'ida. Kuma duk inda ka je, abin da za a fara tambayarka shi ne takardar yaron. Yaron da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki, babu sunansa a ko'ina, gwamnati ba ta san an haife shi ba, balle ta ware masa wani abu.

Mu mutanen yammacin Zamfara maganar nan ta fi shafarmu, kuma kowa ya san dalili. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta lura ƙananan yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da amai da jijjiga da suma. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Da aka auna jini sai ga gubar dalma. Duwatsun zinariya ne ake kawowa gida, a daka a turmi, a niƙa a injin hatsi, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, 'Yargalma, Tungar Guru. Yara kimanin 400 suka rasu. Aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa sai a 2013 aka share ta, bayan an gaji da jiran gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Dubban yara sun sha maganin da ke fitar da dalma daga jiki, sai dai abin da gubar ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya gyaruwa. Waɗanda suka tsallake, yau wasunsu samari ne da 'yan mata, kuma a cikinsu akwai wanda har gobe sai an ba shi abinci a baki, akwai wanda ya makance, akwai wanda karatu ba ya zama masa. A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha. Jinyar kuwa tana nan inda take, a hannun iyaye mata.

Sai kuma sanƙarau na 2017, wanda Zamfara ta fi kowace jiha jin jiki a cikinsa, ya bar yara da kurumta. Ga doguwar naƙuda a gida don hanya ba ta biyuwa da dare. Ga shawarar jarirai da ake zuba wa ido har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ga ƙyanda.

Ku dubi yinin uwar irin wannan yaro. Da asuba ta wanke shimfiɗar da ya ɓata. Ta dama koko mai ɗan kauri don tuwo ba ya haɗiyuwa, ta jingina shi a jikinta tana ba shi da cokali kaɗan-kaɗan kada ya ƙware. Ɗan shekara tara ne, in ta goya shi ƙafafunsa na dukan bayan gwiwoyinta. Suyar ƙuli-ƙulin da take yi ta tsaya, kitso ya tsaya, biki da suna sai dai ta aika. Ranar asibiti ɗan kabu-kabu ya ce sai dai ta biya kuɗin mutum biyu. Maganin farfaɗiya in ya yanke 'yan kwanaki, ciwon ya dawo, wani lokacin ma fiye da da. To wannan matar muke nema wa hanya yau.

Ga abin da doka ta ce. Ranar 23 ga Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa. Dokar ta ba mai nakasa haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen sakandare. Ta ce mai lalurar ƙwaƙwalwa a duba shi, a yi masa magani kyauta a asibitocin gwamnati. Ta ce in ana layi a fara sallamar mai nakasa. Ta hana a ɗauki mai nakasa a riƙa yawon bara da shi. Wanda ya nuna masa wariya, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kamfani kuwa naira miliyan ɗaya. Ita ce kuma ta samar da Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a Abuja a 2020.

Na san abin da wani dattijo zai ce yana zaune a ƙofar gidansa a Zugu: "To Malam, mu dai ba mu gani a ƙasa ba." Gaskiyarka, Baba. Tsakanin abin da aka rubuta a Abuja da abin da ake gani a ɗakin shan magani na ƙauye akwai tafiya mai nisa. Amma sanin dokar na sauya tsayuwar mutum a gaban jami'i. Wanda ya zo roƙo ana iya ce masa sai haƙuri, ya juya. Wanda ya zo da takarda yana cewa ga abin da doka ta ba ɗana, sai an nemo amsar da za a ba shi.

Takardun da za a nema wa yaron guda uku ne. Ta farko takardar haihuwa, ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ma'aikatanta ke zama a sakatariyar ƙaramar hukuma da wasu asibitoci. Katin awo da katin rigakafi ba sa maye gurbinta, ko da yake su ma a adana su. Sau da yawa za ka tarar a gida ɗaya an yi wa sauran yara, an tsallake mai lalurar, wai ina za shi da zai buƙaci takarda. Shi ya fi kowa buƙatarta a gidan.

Ta biyu lambar ɗan ƙasa ta NIN. Uwa ta fara yin tata, domin yaron da bai kai shekara 16 ba ana jingina rajistarsa ne da lambar mahaifi ko mahaifiya ko mai riƙonsa. Rajistar farko a ofishin hukumar da ke ba da lambar ba a biyan kuɗinta. A nan a kula da suna sosai. In a katin ɗan ƙasa ke Hauwa'u ce, a banki kuma aka rubuta Kulu, kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ce, watsar da sunan za ta yi. Suna ɗaya, rubutu iri ɗaya, shekarar haihuwa ɗaya, a ko'ina.

Ta uku ta fi sauran nauyi, ita ce takardar likita. A je babban asibitin Anka ko na Gummi ko na Bukkuyum a ga likita. Bayan ya duba yaron, ki ce masa, "Likita, ina son takardar bayanin lalurar yaron nan, wadda zan kai wa hukuma." Kafin ki fito, ki sa wani ya karanta miki ita. A ga sunan yaron da shekarunsa, sunan lalurar, abin da ba ya iya yi wa kansa, maganin da yake sha, da abin da yake buƙata, keke ne ko abin ƙara ji ko gashin ƙashi ko tiyata. A ga kwanan wata da sa hannu da hatimin asibiti. In abin ya fi ƙarfinsu, ki nemi takardar turawa zuwa Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko zuwa Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Lalurar ƙwaƙwalwa da farfaɗiyar da ta ƙi jin magani kuwa, akwai asibitin tarayya na Kware.

Iyayena mata, ga wani wuri da kawaicinmu ke cutar da mu. Likita ya ce, "Inna, yaya jikin nasa?" Sai ki ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Godiya ga Allah wajibi ce, amma abin da kika faɗa shi likita zai rubuta. Faɗa masa sau nawa yaron ya faɗi a makon nan. Faɗa masa ba ya riƙe fitsari, ba ya barcin dare, ya taɓa faɗawa murhu. Ba tonon asiri ba ne. In takarda ta ce da sauƙi, wanda zai karanta ta a ofis zai ajiye ta gefe ya ɗauki ta wani.

In takardun sun haɗu, a yi fotokwafi da yawa, kuma kada a taɓa barin ta asali a hannun kowa. A naɗe ta a leda. A ɗauki hotonta a waya, a kuma ajiye kwafi ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari. Mutanen Gummi sun ga abin da ambaliyar Agustan 2024 ta yi wa akwatuna da takardu, wanda kuma ya taɓa barin garinsa da tsakar dare ya san ba a tsayawa neman fayil.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Wurin da ya fi kusa da ku shi ne asibitin mazaɓa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta lissafa masu raunin da za a biya wa: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, matalauta, da masu nakasa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa. A Zamfara hukumar ZAMCHEMA ce ke yi wa mutane wannan rajista, kuma tsarin shi ne a zaɓi asibiti a kowace mazaɓa. Ka je wurin shugaban asibitin mazaɓarku, ko wani ɗan kwamitin lafiya na mazaɓar, ka ce kana son a sa yaronka cikin masu katin magani kyauta. Guraben ƙidayayyu ne, ba kullum ake buɗe su ba, shi ya sa ake kai suna tun kafin ranar rajista. Katin na ɗauke ganin ma'aikacin lafiya, da gwaje-gwajen yau da kullum, da maganin cututtuka irin su zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari, waɗanda su ne ke yawan kwantar da yaro mai lalura. Kada a sa rai zai sayi keke ko ya biya babbar tiyata.

In an kwantar da yaro a babban asibitin tarayya kuɗi ya gagara, a tambayi ofishin walwalar marasa lafiya, 'yan walfiya. Aikinsu ke nan, su bincika halin mutum, su nema masa ragi ko yafiya. Mutane da yawa na sayar da akuya a ƙofar asibiti ba su san ofishin nan na ciki ba. Yaron da cutar noma ta ci wa baki ko kumatu kuwa, akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma tiyatar kyauta ce.

Sai maganar kuɗi a hannu, wadda na san ita aka fi jira. Gwamnatin tarayya na da kundin rajistar marasa galihu na ƙasa, daga cikinsa ake ɗebo sunayen da za a tura wa tallafi. Zamanin Buhari ana ba gida naira 5,000 a wata, a biya 10,000 duk bayan wata biyu, da rancen Bankin Duniya da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta dawo da su. A Oktoban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da shirin saboda zargin almundahana a ma'aikatar jin ƙai, da aka dawo da shi kuma sai aka ƙarfafa sharaɗi: sai mai lambar NIN, kuma kuɗin ta asusun banki ko na waya za su shigo.

Abin da ya kamata a gane shi ne, wannan kundi ba a shigarsa da fom, ba a kuma shigarsa ta intanet. Jami'ai ne ke zuwa gari, su tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi gidajen da suka fi shiga wahala, a haɗa sunayen. Daga nan masu ɗaukar bayani su bi gida-gida da na'ura. Wurare biyu ake yin asara. Na farko ranar taron, in uwar yaron tana gida tana jinya, babu wanda ya ambaci sunanta. Maƙwabta, wannan aikinku ne. Na biyu ranar da aka shigo gida ana tambayar mutum nawa ne, akwai mai nakasa, sai maigida ya ji nauyi ya ce babu. A faɗa, a kuma fito da yaron a gan shi. Wanda ke son sanin ko an taɓa ɗaukar garinsu, ko yana da ƙorafin an tsallake shi, ya je sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen walwalar jama'a, ya nemi jami'in shirin tallafin kuɗi. Shiga kundin ba alkawarin biya ba ne, amma wanda ba ya ciki ba ya cikin lissafi ko kaɗan.

Ni a ganina naira 25,000 sau uku, wato 75,000 gaba ɗaya, ba ta kai ko'ina ga gidan da ke sayen magani kowane wata har illa masha Allahu. Kuma mu nan mun taɓa ganin tsarin da ya fi wannan. Mutanen Anka ba su manta da shirin da ƙungiyar Save the Children ta gudanar a Anka da Tsafe tsakanin 2013 da 2019 da kuɗin gwamnatin Birtaniya ba. Mai juna biyu na karɓar naira 3,500 kowane wata, daga baya aka mayar 4,000, har ɗanta ya shekara biyu. Kuɗin kaɗan ne, amma ba sa fashi, kuma hannun uwa suke shiga. Masu binciken da suka bi sawun shirin sun tarar tsumburewar yara ta ragu. Abin da uwa ta san zai zo ƙarshen wata, da shi take iya yin lissafin magani.

Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Zamfara, wadda aka kafa bayan ƙaddamar da Shari'a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ita ma wurin zuwa ce. Tana taimaka wa marayu da marasa lafiya da mabuƙata, kuma ana isa gare ta ta hannun masarauta: mai unguwa, maigari, uban ƙasa. A nan wasiƙa ake rubutawa, kuma yawancin wasiƙun da ke mutuwa a cikin fayil, abin da ke kashe su shi ne ba su faɗi abin da ake so ba. "A taimaka mana don Allah" ba ta gaya wa jami'i nawa zai rubuta ba. Ga yadda za a tsara ta, ku saurara:

"Zuwa ga Shugaban Hukumar Zakka da Waƙafi, ta hannun uban ƙasarmu. Assalamu alaikum. Ni wance 'yar wane, mazauniyar unguwa kaza a gari kaza, ina riƙe da ɗana mai shekara tara, wanda ba ya tafiya kuma yana da farfaɗiya tun yana ɗan shekara biyu. Maganin da likita ya rubuta masa ina sayensa naira kaza kowane wata. Likita ya ce yana buƙatar keken guragu na yara. Mahaifinsa manomi ne, rashin tsaro ya raba shi da gonarsa. Ina roƙon a taimaka mana da kuɗin maganin wata shida da kuma keken. Na haɗa da kwafin takardar likita da ta haihuwa da rasit na magani. Ga lambar wayar da za a same ni."

Shi ke nan, ba sai an cika shafi biyu ba. Mai unguwa ya sa hannu a ƙasa cewa ya san gidan. Kun ji na ambaci rasit, to daga yau duk maganin da aka saya a karɓi rasit a tara. Wannan wasiƙar, in an sauya sunan wanda za a aika wa, ita za a kai wa shugaban ƙaramar hukuma ta sashen walwala, da ma'aikatar da ke kula da mata da yara a Gusau, da ofishin ɗan majalisarku, na Gummi da Bukkuyum ko na Anka da Talatar Mafara. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa wanda ya karɓa ya buga hatimi ya sa kwanan wata a ɗayar, a dawo da ita gida. Zuwa da kai ya fi saƙo, amma in uwar ba ta iya barin yaron, mahaifinsa ko kawunsa ya je.

Makaranta ma tallafi ce, don sa'o'in da yaro ke aji su ne uwa ke samu ta nemi na kanta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Yaron da ƙafa ce kawai matsalarsa, makarantar unguwarsu ce wurinsa. In hedimasta ya ƙi karɓarsa, a je wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Kurame da makafi kuwa akwai makarantarsu ta musamman a Gusau, akwai kuma ta A. A. Raji a Sakkwato. Kurman da ya koyi maganar hannu yana ƙarami yana iya yin karatu har jami'a.

Keken guragu da sanduna da abin ƙara ji, in gwamnati ko wata ƙungiya za ta raba, galibi wurin ƙungiyoyin masu nakasa take neman sunaye: haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta JONAPWD reshen jiha, da sarakunan makafi da na guragu. A kai sunan yaro can. Sai dai waɗannan ƙungiyoyi na manya ne masu iya magana da bakinsu. Yaro mai galahanga, ko wanda dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, ba shi da wakili a cikinsu in ba uwarsa ba. Shawarata ita ce iyayen irin waɗannan yara a kowace mazaɓa su haɗa kansu, ko su goma ne, su rubuta sunayen 'ya'yansu a littafi ɗaya. Mutum ɗaya ana ce masa ya dawo gobe, mata goma da littafi a hannu ana ba su kujera. In keken ya samu, a duba girmansa. Keken babban mutum yana lanƙwasa bayan yaro, yana kuma jawo masa gyambon zama.

Yanzu 'yan damfara. Saƙon da ke yawo a WhatsApp da Facebook cewa ka latsa nan ka cika fom ɗin tallafi, kada ka latsa. Wanda ya kira ka ya ce daga Abuja yake, kuɗinka sun fito, karanto masa lambar da ta shigo wayarka yanzu, kashe wayar. Lambar sirrin katinka ba ta mai POS ba ce, ba ta jami'i ba ce. Sannan akwai na gida, wanda zai ce shi ya sa sunanki, don haka rabi nasa ne. Ba shi da ko sisi a ciki. Akwai kuma masu zuwa su ɗauki hoton yaro su tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu. Kafin a ɗaga waya a kan ɗanki, tambayi daga ina suke, wa ya turo su, kuma mai unguwa ya san da zuwansu?

Ku kuma iyaye maza, kuɗin da aka bayar don yaro na yaro ne, ba na taki ba ne, ba na ƙarin aure ba. Wanda ya saki mace don ta haifi ɗa mai lalura, ya sani ci da sha da maganin yaron na wuyansa, kuma kotun Shari'a na karɓar wannan ƙara. Asusun da za a tura tallafi, a buɗe shi da sunan wadda ke jinyar.

In an kai takarda an ji shiru, a koma bayan mako biyu ko uku da kwafin nan mai hatimi. A riƙe ɗan littafi ana rubuta ranar da aka je, da wanda aka gani, da abin da ya ce. In jami'i ya nemi na goro, ko aka hana yaro haƙƙinsa saboda lalurarsa, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa duk suna da ofis a Gusau, kuma kai ƙara wurinsu kyauta ne.

Kansiloli da ciyamomi da 'yan majalisarmu na jiha, in kuna saurare, saura ku. Rabon shinkafa da atamfa da azumi ba ya sayen maganin farfaɗiya a watan Safar. Jigawa ba ta fi Zamfara arziki a ƙarƙashin ƙasa ba, ta kuwa sa alawus ɗin masu nakasa cikin kasafinta. Yaran Dareta da Bagega da 'Yargalma an auna jininsu, an rubuta sunayensu, an san gidajensu. A fara da su, a yanka wa mai jinyar kowannensu wani abu na wata-wata, a rubuta shi cikin doka yadda sauyin gwamnati ba zai tafi da shi ba.

Nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayanin irin motsa jikin da uwa za ta iya yi wa yaro a gida tsakanin zuwa asibiti da zuwa asibiti, da yadda ake zaunar da shi lokacin cin abinci. A huta lafiya. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)